Amsa: Shin harajin shayi ne ya haddasa juyin juya halin Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko harajin shayi kaɗai ya sa Amurkawa suka yi wa Ingila tawaye. A'a, rigimar ta girmi shayin.

Da aka gama yaƙi da Faransa a 1763, bashi ya yi wa Ingila katutu, sai majalisar Landan ta ce mazauna yankuna 13 da take mulka a Amurka su ma su kawo nasu. A 1765 ta sa haraji kan takardu: jarida, takardar kotu, har katin karta sai da hatimi. Kuɗin ba wani yawa gare shi ba. Abin da ya ci musu rai shi ne ba su da wakili ko ɗaya a majalisar da ke yanka musu harajin. Ga kuma dokar da ta hana su ƙetara duwatsun Appalachian su mamaye ƙasar 'yan asalin wurin, wadda a ganina ba a cika ba ta muhimmancinta ba.

A 1770 sojojin Ingila suka harbe mutum biyar a Boston. A Disambar 1773 masu adawa da harajin shayi suka zubar da akwatunan shayi 342 cikin teku a Boston, Ingila ta rufe tashar jiragen ruwan garin. Afrilun 1775 aka fara musayar wuta a Lexington da Concord.