Amsar Goggo ga Ummi kan matan da ke buga murfin shara a Belfast

Ummi, saƙonki ya iso, na kuma saurare shi har sau biyu saboda hayaniyar da ke bayanki. Kin ce da sassafe ranar 9 ga Agusta kin ga tsofaffin mata a yammacin Belfast sun durƙusa suna buga murfin kwandon shara na ƙarfe a kan kwalta, wasu na hura usur, kika tambaya ko wani biki ne na gargajiya, kuma me ya sa mata ne a gaba. Kin yi daidai da kika tambaye ni kafin ki tambayi 'yan gari, don a garin nan tambaya ma takan nuna ɓangaren mutum.

Ba biki ba ne. Da asubar 9 ga Agusta 1971 sojojin Birtaniya suka bi gida gida a Ireland ta Arewa suka kwashe maza 342, aka tsare su ba caji ba shari'a, kusan dukkansu daga unguwannin Katolika. Da yawansu ba ruwansu da IRA, ƙungiyar da ta ɗauki makami don raba Ireland ta Arewa da Birtaniya, jerin sunayen da aka yi aiki da shi tsoho ne. A lokacin ba kowane gida ke da tarho ba, to da mata sun hango motocin soja sun karyo kwana sai su fito, wasu da kayan barci, kowace ta ɗauki murfin shararta ta yi ta maka shi da ƙasa. Layi na gaba ya ɗauka, na gaba da shi ya ɗauka, kafin soja su kai ƙofar da suke nema duk unguwa ta farka. Wannan tsarewa ta ci gaba har Disamban 1975, ta ci mutum 1,981. Abin da kika gani tunawa ce da wannan asuba. Yanzu kwandunan duk roba ne, murafun da ke hannunsu ajiyayyu ne, ki duba da kyau za ki ga duk sun lotse.

Ni da kunnena na ji shi na gaske. Mun zauna a Belfast daga 1976 zuwa 1982, lokacin da maigidana, Allah ya jiƙansa, yake karatun likita. Daren 5 ga Mayu 1981, ƙarfe ɗaya ta wuce kaɗan, ƙarar ta taso daga nesa kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ta yi ta matsowa har ta iso layinmu. Na ɗaga labule, sai ga maƙwabciyata, dattijuwa mai ciwon gwiwa wadda ko hawa bene wahala yake mata, ta durƙusa a kan titi da murfi a hannu biyu tana bugawa tana kuka. Ba soja ne suka shigo ba. Bobby Sands ne, fursuna ɗan IRA, ya rasu bayan kwana 66 yana yajin cin abinci. Da murfin suka sanar da mutuwar, sannan suka tsaya a bakin titi suna jan carbinsu na Katolika har gari ya waye.

Amma murfin nan shi ne kawai ɓangaren aikin da ke da ƙara. Sauran aikin shiru ake yinsa, kuma ya girmi 1971 da sama da shekara ɗari. Duk lokacin da aka kwashe maza, tambaya ɗaya ce ke saura a gida: wa zai ciyar da yara, wa zai biya haya, wa zai je ƙofar kurkuku? A 1865 da aka kama shugabannin 'yan Fenian, masu neman 'yancin Ireland daga Birtaniya, a Dublin, matansu ne, Mary Jane O'Donovan Rossa da Letitia Luby a gaba, suka kafa kwamitin mata na tara wa iyalan fursunoni kuɗi. Mijin Mary Jane shi ne wanda aka yi wa ankwa ta baya har kwana 35 a kurkukun Chatham na Ingila. Ita kuwa har Amurka ta je tana karatun waƙoƙi a gaban jama'a don ta sami abin riƙe kanta da na neman a sake shi.

Wadda labarinta ya fi tsaya mini a rai ita ce Anna Parnell. A 1881 ana rikicin gonaki, masu ƙasa na korar manoma 'yan haya daga gidajensu. Maza sun san za a kama su, sai suka yarda a kafa reshen mata na ƙungiyarsu ta kare manoma, a zatonsu 'yan mata za su riƙe musu kujera ne kawai. A Oktoba aka jefa yayanta Charles Stewart Parnell da abokansa a kurkukun Kilmainham na Dublin. Matan suka ɗauki abin da gaske: suna aika wa fursunoni abinci, suna biya wa iyalansu bukata, suna kafa wa waɗanda aka kora rumfunan katako su fake. Babban limamin Katolika na Dublin ya fito ya ce sun zubar da kunyar 'ya mace, gwamnati ta haramta taronsu, aka ɗaure wasu. Da yayan nata ya sasanta da gwamnati ya fito a 1882, sai ya toshe musu kuɗi har ƙungiyar ta mutu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Anna ba ta sake yi masa magana ba har ya mutu. Ba na yabon gaba tsakanin 'yan uwa, kin san ni, amma na gane inda ke mata ciwo.

Bayan tawayen Ista na 1916, wanda aka yi wa mulkin Birtaniya a Dublin, aka sake komawa gidan jiya. Kathleen Clarke an harbe mijinta Tom ranar 3 ga Mayu, an harbe ƙanenta Ned Daly washegari, ga ta da ciki wanda daga baya ya zube. Cikin wannan hali ta buɗe asusun taimakon iyalan waɗanda aka kashe da waɗanda aka kai sansanin Frongoch a Wales, mutum kusan 1,800. Mai raba kuɗin taimako shi ya san gidan kowa da sunan kowa, don haka asusun nan ya zama igiyar da ta sake ɗaure ƙungiyar da aka wargaza. Ita ce ta ɗauki wani saurayi aikin sakatare a 1917, sunansa Michael Collins, wanda daga baya ya zama jigo a yaƙin neman 'yancin Ireland. Shi duniya ta sani. Ita sai 1939 ta zama mace ta farko da ta riƙe magajin garin Dublin.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1922 tsakanin 'yan Ireland kansu, bayan kudancin ƙasar ya sami mulkin kai, masu riƙe da mabuɗin kurkuku ba Turawan Ingila ba ne kuma, abokan gwagwarmayar jiya ne. Matan ba su canza hali ba. Maud Gonne da Charlotte Despard suka kafa ƙungiyar kare fursunoni wadda mutanen Dublin ke kira "iyaye mata" kawai, duk Lahadi suna kan titin O'Connell. Despard ɗin nan ta kusa tamanin, kuma ƙanenta Lord French shi ne wakilin Sarkin Ingila a Ireland 'yan shekaru kafin nan. Da aka kama Maud a 1923 ta shiga yajin cin abinci, tsohuwar ta je ta zauna a ƙofar Kilmainham, aka saki Maud bayan kwana 20. Haka Annie MacSwiney ta kwanta a ƙofar kurkukun Mountjoy ta ƙi cin abinci saboda yayarta Mary na yajin a ciki, shekara biyu bayan ɗan uwansu Terence ya mutu a kurkukun Brixton na London a kwana na 74 na yajin cin abinci. Tunda al'ada kika tambaya: a tsohuwar dokar gargajiyarsu akwai abin da suke kira troscad, wanda aka zalunta ya je ƙofar babban da ya zalunce shi ya zauna da yunwa, kunya ta tilasta wa mai gida ya biya hakki. Suna son danganta yajinsu da wannan. Ni dai abin da na lura, zaman ƙofa kusan kullum mata ne suke yinsa.

Zamanin da na gani da idona shi ne na bargo. A Maris 1976 gwamnati ta janye wa sababbin fursunoni matsayin 'yan siyasa, ta ce su sa kayan fursuna kamar ɓarayi. Kieran Nugent ya ƙi, ya yafa bargo, ɗaruruwa suka bi shi a kurkukun Long Kesh. A farko ba wanda ya damu, har jam'iyyarsu, Sinn Féin, ba ta ba abin muhimmanci sosai ba. Iyaye mata da matan aure da 'yan uwa ne suka kafa kwamitocin dangi, suka riƙa fita cikin sanyin da kin fara sani yanzu, ba takalmi, ba komai sai bargo, don mutane su ga yadda 'ya'yansu ke zaune. Mary Nelis ta yi haka da wasu mata biyu a gaban babban cocin Derry, daga baya wasunsu suka kai bargon har biranen Turai da Amurka. Ziyara sau ɗaya ce a wata, rabin awa. Maƙwabciyata ta taɓa nuna mini wasiƙar ɗan ƙanwarta: takardar naɗa taba, rubutu ƙanana kamar ƙafar tururuwa, an dunƙule ta cikin leda ba ta kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. A baki ake fitowa da ita lokacin sumbar ban kwana, a gaban ganduroba. A kurkukun mata na Armagh kuwa su kansu matan ne fursunoni, uku daga cikinsu sun shiga yajin cin abinci a Disamban 1980.

Inda nake so ki tsaya ki yi tunani shi ne ƙarshen 1981. Fursunoni goma suka mutu a yajin cin abincin da Bobby Sands ya fara. Idan mai yaji ya suma, doka ta ba dangi ikon cewa likita ya sa hannu. Yaron ya riga ya ce wa uwarsa kada ta yarda, ta kuma yi shekara biyar tana yawo a titi domin abin da yake mutuwa a kai. Ranar 31 ga Yuli uwar Paddy Quinn ta ce a ceci ɗanta. Wasu iyalai suka bi sahunta, ranar 3 ga Oktoba yajin ya ƙare, ba a jima ba gwamnati ta yarda fursunoni su sa kayansu na gida. A layinmu akwai masu gunaguni cewa iyaye sun karya yaji. Ni uwa ce, da ni ce da na sa hannu tun kafin likita ya gama magana. Amma uwar da ta cika wa ɗanta alkawari ta zauna tana kallonsa har ya cika, ban ga bakin da zan yi mata hukunci da shi ba.

Kada kuma ki ɗauka kuka a gida ɗaya aka yi shi. Mutum sama da 3,500 suka mutu a rikicin, da yawa a hannun ƙungiyoyin da fursunonin nan suka fito daga ciki. Matan Shankill, unguwar 'yan Furotesta masu goyon bayan Birtaniya, su ma sun yi layi a ƙofar Long Kesh da ƙunshin kaya, matan gandurobobin da aka harbe ma zawarawa ne. Jean McConville, uwar yara goma, IRA ce ta ɗauke ta daga gida a 1972, sai 2003 aka ga gawarta. Bayan yarjejeniyar 1998 da aka buɗe ƙofofi aka saki fursunoni, wasu iyaye na rungumar 'ya'yansu, wasu na kashe talabijin.

Kin ce abokiyar karatunki ta yi alkawarin kawo miki farin furen takarda da suke maƙalawa a ƙirji lokacin Ista. Shi ma matan Cumann na mBan, ƙungiyar mata masu neman 'yancin Ireland, su ne suka fito da shi a shekarun 1920, a lokacin kuɗinsa na zuwa ga iyalan fursunoni. Ki karɓa ki gode, ki sa shi cikin littafi, kada ki maƙala a mayafinki ki shiga bas, don ba ki san unguwar da zai ratsa ba. In kin sami hutu ki hau jirgin ƙasa zuwa Dublin, Kilmainham yanzu gidan tarihi ne, ki yanki tikiti tun da wuri don yana ƙarewa. Ki gaida mai gidan da kike haya, ki kuma turo mini hoton murfin in kin sake gani, ina so in nuna wa babanki, shi har yau gani yake ƙari nake yi.