Injin yankan ciyawa ya ƙi tashi bayan ajiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin yankan ciyawa na turawa da hannu, irin wanda ake jan igiya. Wata biyar yana ajiye da fetur a tankinsa. Yanzu na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami, sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Na sa sabon fulogi, ba ta canza zani ba. Kafin nan na kwantar da shi a gefe na goge wuƙarsa. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fulogin nan bai yi maka laifi ba. Injin da ya yi tari, ai wuta na zuwa ke nan. Ni fetur ɗin nake zargi.

Fetur ba ya son zama. Daga wata ɗaya ya fara lalacewa: mai sauƙin kamawa a cikinsa ya tsere, sauran ya yi danƙo ya toshe 'yar ƙofar da mai ke bi a kafireta, wadda ba ta wuce kan allura ba. Sansana tankin, za ka ji warin ya koma kamar na tsohon fenti. Zuba tsohon fetur ɗin a galan, kada ka zubar a ƙasa. A ƙasan kafireta akwai ɗan kofi da ƙusa ɗaya ke riƙe da shi. Kwance shi ka wanke. A injina da yawa ƙusar nan tana da 'yan ramuka, to ka fesa musu maganin wanke kafireta har sai ka ga haske ta ciki. Kada ka cusa allura, faɗaɗa ramin za ka yi, injin ya koma shan mai yana baƙin hayaƙi.

Sai maganar kwantar da shi. Ta wane gefe? Idan matatar iska ce ta kalli ƙasa, baƙin mai ya gangara ya jiƙa ta, injin kuma ba ya numfashi. Ni ma na taɓa yin haka farkon koyona, na wuni ina zargin kowa ban da kaina. Buɗe ka duba. Ta soso ce, wanke da sabulu, ta bushe sarai, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka matse. Ta takarda ce, sai sabuwa. Nan gaba matatar ta kalli sama, kuma cire wayar fulogi kafin hannunka ya kai ga wuƙa.

Duk jan nan da ka yi ma ya iya cika injin da mai. Ciro fulogin. In ya jiƙe, shanya shi, ka ja igiya sau biyar ba fulogi, sannan ka mayar. Tazarar bakinsa a yawancin irin waɗannan injina kamar milimita 0.75 ce. Sa sabon fetur, duba baƙin mai, rufe cok (abin da ke rage iskar da ke shiga kafireta), ko ka danna robar turo mai sau 3 in ita gare shi. Riƙe ƙarfen birkin da ke jikin hannu, don in ka sake shi wuta ba ta zuwa. Ja igiyar a hankali har ta yi tauri, sannan ka fizga. Da ya kama, buɗe cok.

In ya tashi ya yi minti goma ya mutu, sassauta murfin tanki ka sake tayar da shi. Ya ci gaba da aiki? To ramin iskar murfin ne ya toshe. In kuwa igiyar na fizge maka hannu, musamman in wuƙar ta taɓa dukan dutse, wataƙila ɗan makullin da ke daidaita lokacin wuta ne ya tsinke. Wannan kam kai wa makanike.

Ran da za ka sake ajiye shi, bar shi yana aiki har fetur ɗin ya ƙare ya mutu da kansa.