Filin Masu Motoci: Juyen Baƙin Mai da Ruwan Lagireto

Tambaya daga wani malamin makaranta, Pantami, Gombe: Assalamu alaikum. Ina da Corolla ƙirar 2007, 'yar Amurka, kuma ba na wuce gida, makaranta da kasuwa. Makanikena ya ce in riƙa juye duk wata, abokin aikina kuma ya ce sai mai ya yi baƙi ƙirin. Wane ne ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Dukansu biyu ba su ba ka ma'aunin da ya dace ba. Abubuwa biyu ake lissafawa, kilomita da watanni, kuma wanda ya riga cika shi ake bi. Idan baƙin mai na gama-gari kake zubawa, wanda ake kira minaral, kada ka wuce kilomita 5,000 ko wata shida. Idan sintetik ne na ainihi, za ka iya kaiwa kilomita 8,000, amma wata shidan yana nan.

Littafin mota yakan zo da jadawali biyu, na aiki mai sauƙi da na aiki mai tsanani. Abin da kamfanoni ke kira tsanani shi ne ƙura, zafin rana, gajerun tafiye-tafiye da barin inji yana aiki mota na tsaye. Duk wanda ya san ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da zafin Maris da Afrilu da ke kai digiri 40 a Gombe, ya san jadawali na biyu ne namu.

Gajeriyar tafiyar nan taka ta fi doguwa wahalar da mai. Inji ba ya samun ya yi zafi sosai, don haka tururin ruwa da ɗan fetur da ke zurara ta gefen ringi suna zama a cikin man, ba su ƙone ba. Shi ya sa watanni suka fi kilomita muhimmanci a wajenka. Ka kuma lura, agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Idan agogon ya ƙaru da 3,100, ka riga ka ci kilomita 5,000.

Launi kuwa ba hujja ba ne. Akwai sinadarin wanki a cikin baƙin mai, yin baƙi alama ce ta yana kwashe datti. Man injin dizal ma cikin 'yan kwanaki yake baƙi. Duk juye a canza filtar mai, a sa sabuwar wosha a noti na ƙasa, a kuma ciro filtar iska a duba ta, musamman da hunturu. Juye duk wata ba zai cutar da motarka ba, kuɗinka kawai zai ci.

Tambaya daga wata Hajiya, unguwar Wunti, Bauchi: A murfin man Camry ɗina an rubuta 5W-30, amma a gareji an ce ƙasarmu da zafi, 20W-50 ya fi, don mai kauri ya fi riƙe inji. In yarda?

Amsa: Hajiya, ki bi abin da ke rubuce a murfin. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu idan inji na da sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi, a ma'aunin digiri 100. To, injin da ke aiki daidai zafinsa kusan ɗaya ne ko a Bauchi ko a Jamus, tsakanin digiri 85 zuwa 100, domin lagireto da tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, su ne ke tsayar da shi. Injunan Toyota masu VVT-i, wato tsarin da ke sauya lokacin buɗewar bawul, suna da ƙananan hanyoyin mai da 'yar raga mai tace man da ke zuwa bawul ɗin da ke sarrafa taimin. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, kuma a waɗannan daƙiƙun farko ne inji ya fi cinyewa. 20W-50 yana da wurinsa a tsofaffin injuna irin na Peugeot 504, ko injin da ya riga ya gaji yana shan mai.

Abin da ya fi damunmu shi ne jabun mai. Ki saya a hannun dila da aka sani, galan a like, ki duba tambarin API mai nuna matakin ingancin mai, ya kasance SL, SM, SN ko SP. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba a san asalinsa ba. Yawancin injunan silinda huɗu lita 4 suke ci, ko da ɗan ɗoriya. Bayan an zuba, a kunna inji minti biyu, a kashe, a jira minti biyar a wuri mai daidai, sannan a zaro sandar awo. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun, kusa da ta sama. Idan ya wuce ta, karanshaf zai riƙa kaɗa shi ya yi kumfa, sil-sil kuma su fara yoyo.

Tambaya daga wani direban haya, hanyar Gombe zuwa Yola: Ni ruwan burtsatse nake zubawa a lagireto kullum da safe. Ana ce mini in sayi kulan, wato ruwan lagireto na musamman da ake sayarwa a galan, ni kuma na ji don ƙanƙarar ƙasashen Turai aka yi shi. Yana da amfani a nan? Kuma yaushe ake canza shi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin komai, motar da ke neman ruwa kullum da safe tana yoyo. A duba tiyo na sama da na ƙasa, murfin lagireto, famfon ruwa da jikin lagireton kansa.

Hana daskarewa ɗaya ne daga cikin ayyukan kulan, kuma shi ne kaɗai ba mu da buƙata. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Haɗin rabi kulan rabi ruwa sai ya kai wajen 107, idan kuma murfin lagireto na riƙe matsi yadda ya kamata, sai ya haura 120. Wannan tazarar ce ke ceton mota mai cike da fasinja da kaya a hawan Kaltungo da tsakar rana. Aiki na biyu shi ne hana tsatsa da zaizayar alminiyam. Ruwan burtsatse da na rijiya suna ɗauke da gishirin ƙasa, kuma irin farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi shi ne ke toshe siraran bututun lagireto. Daga nan sai obahitin, sai gaskit ya ƙone, wani lokaci kan silinda ya lanƙwashe.

Koren kulan na gama-gari ana canza shi duk shekara biyu ko kilomita 40,000. Na Toyota mai ruwan hoda, Super Long Life, zubin farko na kamfani yana kai kilomita 160,000, daga nan duk 80,000. Amma wannan lissafin na motar da ba a taɓa gauraya mata wani ruwa ba ne. Taka sai an wanke ta tukuna.

A bari inji ya huce sarai. A kwance magudanar da ke ƙasan lagireto, a tare ruwan a bokiti. A cika da ruwa mai tsabta, a kunna inji minti goma da hita a buɗe, a bari ya huce, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito garau. Sannan a zuba kulan. Idan an rubuta 50/50 a galan, an riga an haɗa, kada a ƙara ruwa. Idan tsantsa ne, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin na batir, wanda babu asid a ciki. Ƙaramar mota takan ci lita 5 zuwa 7. A bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, a rufe, washegari a duba tankin roba a cike gurbi. Kada a gauraya kala biyu, kuma a yi hattara da mai arha ƙwarai, domin wani ruwa ne da launi kawai.

Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Tsohon kulan kuma guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da awaki.

Tambaya daga wani mai karatu, Azare: An cire mini tamostat, an kuma haɗa fanka kai tsaye, wai don kada mota ta yi zafi. Da matsala?

Amsa: Da matsala, Malam, kuma muna roƙon makanikai su bar wannan al'ada. Tamostat yana zama a rufe ne, ba ya buɗewa sai a wajen digiri 82 a yawancin motocin Toyota, don inji ya yi saurin kai zafin aikinsa. Idan babu shi, inji yana daɗewa da sanyi, kwamfutar mota ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, baƙin mai ya lalace da wuri. Kuma ainihin ciwon, ko toshewar lagireto ne ko mataccen famfon ruwa, yana nan ba a taɓa shi ba. A mayar da sabon tamostat, a gyara wayar fanka ta koma tashi da kanta.

Tambaya daga wani mai Keke Napep, Yelwa, Bauchi: Mu fa, lissafin juyen manmu ɗaya da na mota?

Amsa: A'a. Man keke da na babur kaɗan ne, na babur wajen lita ɗaya, kuma shi ke shafa inji da giya da kulochi gaba ɗaya. Mai aikin haya ya yi juye duk kilomita 1,500 zuwa 2,000, da mai mai alamar 4T da JASO MA, alamomin man da aka yi don irin wannan inji. Man mota yana iya sa kulochi santsi. Ka riƙa duba sandar awo kowace safiya kafin ka fita, kuma idan agogon kilomita ya mutu, a gyara shi.