Ga 'yar'uwar da ke tambaya ko irinmu na shiga kwas ɗin Turanci na kyauta

'Yar'uwa, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce kin haura arba'in, a sakandare kika tsaya, kina son shiga kwas ɗin Turanci na kyauta a intanet amma kina tsoron ki tarar duk matasa ne da masu digiri. Ba zan ɓoye miki ba, masu digirin suna da yawa. Binciken da Jami'ar Pennsylvania ta yi a 2013 kan masu shiga darussanta a Coursera, wani dandalin karatu a intanet, ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari sun riga sun yi digiri. Ba Turanci kaɗai aka duba ba, amma a ajinmu ma haka na tarar: malaman makaranta, ma'aikatan jinya masu neman aiki a Ingila, da ɗalibai masu shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ko TOEFL. A 2015 kwas ɗin da British Council, hukumar Birtaniya mai koyar da Turanci, ta buɗe a dandalin karatu na FutureLearn kan shirin IELTS ya tara mutum sama da 400,000. Yawancin irin waɗannan sun riga sun iya, goge baki kawai suka zo yi.

Ni kam baƙin ciki ne ya kai ni. Wani shugabana a wurin aiki ya ɗauki takardar neman hutu da na rubuta, ya karanta ta a gaban ma'aikata, yana jan kalmomin ɗaya bayan ɗaya yana kwaikwayon muryata. Har da jan biro ya zagaye kurakuran, ya ɗaga takardar kowa ya gani. Uwata ce ba ta da lafiya fa, shi ya sa na nemi hutun! Bai ko tambayi jikinta ba. Wadda nake ɗauka ƙawata ta rufe baki da mayafi tana dariya. Har yau in na ga jan biro sai gabana ya faɗi. Shi kuwa ko gaisuwar Turancin da yake taƙama da ita ba daidai yake yi ba, sai daga baya na gane. Na bar shi da Allah.

To, ki lura da mataki. Turanci an raba shi daga A1 na masu farawa zuwa C2 na ƙwararru, kuma da yawa daga cikin kwasa-kwasan nan na masu matsakaicin mataki ne, bayanin kansa ma da Turanci ake yi. Nan ne irinmu ke karaya, mu ɗauka kanmu ne ba ya ja. Ki fara gwada matakinki, British Council na da gwajin kyauta. In kin ga ƙasa kike, ki fara da VOA Learning English, suna magana a hankali, ko BBC Learning English. Manhajar waya ta Duolingo na taimakawa wajen kalmomi, amma ba za ta buɗe miki baki ba sai kin sami wanda kike magana da shi.

Kada ki ba kowa ko sisi wai zai yi miki rajista. Adireshin imel kawai ake buƙata. Satifiket ne sau da yawa ake biya, kuma ba ya maye gurbin IELTS, in fita waje kike nufi.

Batun kunya kuwa, wa ke ganin shekarunki? A yawancinsu ba a kunna kyamara. Kuma mafi yawan masu rajista a irin waɗannan kwasa-kwasan ba sa kaiwa ƙarshe, har da masu digirin da kike tsoro. Ni cikin dare nake yin nawa, bayan yara sun kwanta, in sauke darasin in yi ta maimaitawa a hankali kar a ji ni. Ki gaya mana wayarki na buɗe bidiyo sosai ko sauti ya fi miki, sai mu san wanda za mu turo miki.