Birnin bakin teku ba ya faɗuwa da luguden wuta kawai

Sadiku, ka tambaye ni me ya sa a Civilization VI, gem ɗin kwamfuta na gina ƙasa da yaƙi, kake tara jiragen ruwa fiye da abokin karawarka, amma ka kasa cin birninsa na bakin teku, kuma jiragenka suna nutsewa ba ka ga mai harbinsu ba. Jawo kujera kafin 'yan makaranta su cika shago. Masu zuwa buga gem nan Taminus za su yi maka wannan tambayar, kuma yaron shago da bai iya amsa ta ba, kwastoma ba ya sake kiransa.

Na leƙa wasan da ka ajiye jiya. Batilshif, manyan jiragen ruwan yaƙi, ka jera, ba ko distiroya ɗaya, wato jirgin da ke afka wa abokin gaba kai tsaye. To ai shi ya sa. Batilshif daga nesa yake harbi, tazarar gida uku a taswirar wasan, zai iya rushe ganuwa ya kwashe ƙarfin birni kaf, amma ba ya shiga. Jirgin sama ma haka. Sai mai kai hari gaba da gaba ne ke karɓar gari: a ruwa distiroya ko waɗanda suka gabace shi, a tudu sojan ƙasa ko tankar yaƙi. Kana ta ɓarin wuta, birnin kuwa yana maido da lafiyarsa 20 duk zagaye muddin ba ka kewaye shi ba. Aikin baban giwa ke nan.

Mai nutsar maka da jirage kuma jirgin ƙarƙashin teku ne. Ba a ganinsa sai an matso gidan da ke maƙwabtaka da shi, shi kuwa daga gida biyu yake harbi. Distiroya ne ke tona shi. Saboda haka shi za ka sa gaba, manyan su biyo baya, jirgin dakon jiragen sama ya tsaya can ƙurya, don yana da tsada kuma ba ya iya kare kansa sosai. Sojojin ƙasa da ka ɗora kan ruwa kada ka kuskura ka sake su su kaɗai, a teku ba su da wani kuzari.

Abin da ya fi damuna da wasanka shi ne gaggawa. Kana danna duk jirgin da kwamfuta ta fara nuna maka. Haba! Wasan bi da bi ne, ba mai koran ka, kuma jirgin da ka fara motsawa cikin zagaye guda shi ke yanke yadda za ta kaya. Fara da mai buɗe ido, wato jirgin da zai hango maka wurin, domin jirgin jefa bama-bamai ba ya kai hari inda ba ka gani. Idan fili ya buɗe, dubi ko akwai bindigar kakkaɓo jirage ko jirgin sama mai sintiri na abokin gaba. In akwai, kawar da shi tukuna, in ba haka ba jiragenka za su dawo gida a ragargaje. Sai bama-bamai su sauka kan ganuwa, batilshif ya bi sahu, distiroya ya zo ƙarshe ya shige. In ka tura shi da wuri ganuwa na tsaye, kai ka kashe shi da hannunka.

Ka koyi haɗa jirage. Biyu iri ɗaya in sun haɗu suna samun ƙarin ƙarfi 10, uku kuma 17. Kada ka raina wannan 10. In ƙarfi ya zo daidai, bugu ɗaya yana cin wajen 30 cikin 100, amma da ratar 10 yana kaiwa kusan 45. Tun daga Civilization V na 2010 aka hana cusa runduna a gida ɗaya, don haka a mashigi mai ƙunci gara ƙaƙƙarfa ɗaya da raunana uku da ke tare wa juna hanya.

Mu mutanen Jos da dutse muka saba, sai mu ɗauka jirgi zai warke ko'ina kamar sojan ƙasa. A'a. Jirgin ruwa sai a ruwan ƙasarka ko na aminanka yake farfaɗowa. Wanda ya sha wuta, janye shi tun bai nutse ba, musamman in ya tara ƙarin girma.

Jiragen sama kuwa lissafin wurin ajiya ne. Jirgin dako jirage biyu yake ɗauka da farko, ƙaramin filin da injiniyan soja ke shimfiɗawa uku. In kana da ƙarin wasan mai suna Gathering Storm na 2019, kowane jirgin bam yana cin alminiyom duk zagaye, don haka nemi ma'adinin kafin ka gina, kada ka tara jiragen da ba za ka iya ciyarwa ba.

Anjima in mun tashi, kafin a kashe janareto, buɗe wasan nan naka. Gina distiroya biyu, maido da raunanan jirage gida, sannan ka kira ni in ga wanda za ka fara motsawa.