Ɗan kuɗin adashi zai isa in fara harkar filaye?

Wani matashi mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya aiko mini da tambaya. Shekararsa 24, ya kwashi adashi, banki kuma ya ƙi ba shi bashi saboda ba shi da abin jingina. Yana so ya shiga harkar filaye da gidaje, ta ina zai fara?

Ƙanena, kafin komai, kada ka taɓa jarin shago. Fili ba atamfa ba ne. Ranar da buƙata ta taso maka, sai ya yi watanni babu mai taya, in ma an taya, tayin wulaƙanci ne. Kuɗin adashin nan kaɗai za ka sa, ka kuma cire ranka daga kansa na shekaru.

Da ni ne, sai in fara bin amintaccen dillali ranakun da ba kasuwa. Za ka san farashin unguwanni, ka ci ɗan kasonka na la'ada, ba ka kashe ko sisi ba.

In ka tashi saye, nemi ƙaramin fili mai ƙafa hamsin-hamsin a bayan gari, wajajen Kumbotso, Ungogo ko Gezawa. Amma ka je cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Na taɓa raka wani duba filin da ya saya da rani. Muka tarar da kududdufi, turakun iyaka sun nutse, kwaɗi sai kuka suke yi.

Inda matasa suka fi ƙonewa shi ne takarda. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, don haka awon igiya, wato filin da aka yanka ba bisa tsarin gwamnati ba, duk arharsa, ba daidai yake da filin da ke da shaidar mallaka ba, kuma gwamnati na iya biyo da titi ta kansa. Ka kai lambar filin ofishin KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, a bincika. Ka gaishe da mai unguwa, ka tambayi maƙwabta. In filin gado ne, kada ka biya sai kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke nesa, a gaban shaidu.

Idan kuɗin bai kai ba, ku haɗa ku biyu ko uku, ku rubuta kason kowa da yadda za a yi in ɗaya ya so fita. Da an biya, ko layi uku na bulo ne, a zagaye filin a wannan makon.