In sayi wasan yaƙi na gwanjo, ko in jira sabon bugu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani wasan yaƙi na kan tebur, bugu na farko, ana sayar da shi gwanjo da araha a Ingila. Sai aka ce min akwai kurakurai a dokokinsa da taswirarsa. In saya, ko in jira bugu na biyu? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskure a irin waɗannan wasanni ba sabon abu ba ne. Tun zamanin kamfanin Avalon Hill, wanda Charles Roberts ya kafa a Amurka, ake fama da shi, har mujallarsu The General, da ta fara fitowa a 1964, ta riƙa ware fili don amsa tambayoyi kan dokoki. Da suka fitar da wasan Advanced Squad Leader a 1985 kuwa, littafin dokokin a fayil mai zobe ya zo, don a cire shafin da aka gyara a sa sabo.

Abin da za ka bincika shi ne inda kuskuren yake. In a littafin dokoki ne, da sauƙi. Kamfanoni irin GMT Games na Kalifoniya suna ɗora gyararrun dokoki a intanet kyauta, sai ka sauke ka buga a shagon kwamfuta, shi ke nan.

Taswira da 'yan kwalayen da ke wakiltar sojoji su ne matsalar. A nan ma kuskure suna ya tara. In sunan gari aka rubuta ba daidai ba, wasa bai ɓaci ba, ido ne kawai zai ji haushi. Amma in kogi ya bi ta gefen gidan da bai kamata ba (taswirar a rarrabe take gida-gida), ko hanya ta yanke, ko aka buga wa runduna ƙarfin 4 maimakon 6, to lissafin yaƙin ya canja, ɓangare ɗaya zai riƙa cin nasara ba da iyawarsa ba. Kamfani kan buga kwalayen gyara, sai dai kuɗin aiko su Najeriya na iya cinye arahar da ka samu. Kafin ka biya, nemi takardar gyare-gyaren wasan ka karanta, sannan ka tambayi mai sayarwa ko kwalayen gyaran suna cikin akwatin. In taswirar ce aka sake zanawa, ni dai jira zan yi. Jira kan yi amfani: wasan Twilight Struggle, wanda Najeriya ke cikin ƙasashen da ake gwabzawa a kansu a taswirarsa, ya fito a 2005, amma bugun 2009 ne ya zo da allo mai kauri.

Tambaya: Zan iya gyara taswira da biro?

Amsa: Kada ka soma! Wani lokaci gyaran ma sai an sake gyara shi, kuma taswirar da aka yi wa rubutu darajarta ta faɗi ranar sayarwa. Fensir a gefen shafin dokoki ya isa. Taswira kuwa, shimfiɗa mata leda mai kauri da ake gani ta ciki, ka manna gyaran a kan ledar. Kuma ka nuna wa abokin wasanka duk gyare-gyaren kafin a jera sojoji, don kada gardama ta tashi ana tsakiyar fafatawa.